Tasha Tsakanin Ubayyid da Kosti

Anbariyya, Madina
9 ga Rajab, 1419

Zuwa ga Yaya Mariyamu,

Assalamu alaikum. Gaisuwar girmamawa daga ƙaninki, da fatan takardar nan ta iske ki lafiya, ke da Malam Haladu da yara. Allah ya sa ciwon gwiwar ya yi sauƙi, ya ƙara mana haƙuri baki ɗaya. Mu nan lafiya. Murja na ta fama da baƙi, yara sun koma makaranta, ni ma na buɗe shago tun bayan kwana uku. Ina auna dabino, ina yi wa 'yan Umara dariyar da ta kamata. Abinci na shiga, barci na zuwa. Har yau ban yi kuka ba, kuma ba dauriya ba ce.

A waya na gaya miki Baba ya cika ranar Alhamis, an yi masa salla a Harami, an kai shi maƙabartar Baƙi'a. Duk gaskiya ne. Sauran ne ba na waya ba.

Bayan Hajji, da likita ya ce zuciyarsa ta gaji, Baba ya ce gida zai tafi. Na ce to, awa biyar a sama sai Kano. Ya ce a'a, ta hanyar da ya zo zai koma: mota zuwa Jidda, jirgin ruwa zuwa Sawakin, sannan jirgin ƙasa ya ratsa Sudan da shi. Na ce masa mutane gona suke sayarwa don su mutu a garin nan, shi kuma ƙofar fita yake nema. Ya ce ba Madina yake gudu ba, Inna ce ya bari a hanya shekara arba'in da ɗaya, kuma jirgin sama ba ya tsayawa a yi sallama. Sunan tashar da aka sauke gawarta ya ɓace masa. Tsakanin Ubayyid da Kosti dai take. Amma ya ce in ya zauna gefen taga zai gane ta, akwai tankin ruwa, maƙabartar na bayansa.

Kin san ƙaninki, wanda ke sayar da dabinon bara da sunan na bana har mai saye ya yi godiya. Ɗan'inna mai bin takardu ya kawo mini bizar fita tamu mu biyu cikin sati biyu. Na sa ta ƙarƙashin kwalin dabinon ajwa. Na yi lissafina: tsoho mai wannan zuciya, a cikin tarago, kwana da kwanaki cikin zafi, a hannun baƙi zai cika, a sake haƙa wani kabarin da ba suna. Nan kuwa ga Baƙi'a. Sai na ce masa ofishin fasfo sun ce gobe. Da gobe ta ƙare na ce jirgin ruwan na wurin gyara. Daga nan na ce ruwan sama ya cinye layin dogo. Kullum bayan La'asar ina tura shi a keken marasa lafiya zuwa tsohuwar tashar jirgin ƙasan nan ta unguwarmu, inda kawunan jiragen Turkawa ke tsaye suna tsatsa. Ya kalle su, ya tambayi labarin takarda, in ba shi na ranar.

Wata huɗu muna haka. Ana saura kwana shida ya cika, muna can, na buɗe baki zan fara, sai ya ce in huta, ƙirƙirar sabon dalili kullum ai wahala ce. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in tura shi mu koma gida. Bai sake tambaya ba.

Masu zuwa ta'aziyya barka suke yi mini. Wai Allah ya so Baba, wai ɗa nagari ya samu. Ina cewa amin, ina zuba musu gahawa. An ce mai haƙuri kan dafa dutse. Ni na dafa nawa, ga romon, na kasa sha.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Bizar tawa na da sauran sati bakwai, kuma zan bi hanyar. Amma ni ko na zauna gefen taga ba abin da zan gane, ina jariri lokacin, ke kika ƙarasa goyona. Shekararki tara. Duk duniya ke kaɗai kika rage da kika tsaya a bakin kabarin nan. Ki zauna ki yi tunani, Yaya. Sunan tashar, ko abin da mai busa usur ya kira, ko tasha ta nawa ce daga Ubayyid. In kin tuna, a buga waya shagon. In ba ki tuna ba ki ce ba ki tuna ba. Kada ki ƙirƙiro don ki sanyaya mini rai, sana'ata ce, zan gane.

A gaida Malam Haladu, da Zinariya da angonta, da Gwaggo Uwa. Murja na gaishe ki.

Ƙaninki,
Lurwanu