Kare ɗaya ya cije mu, ƙanena kaɗai aka biya

Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, abin nan ya kusa fasa mini ƙirji kuma ba ni da wanda zan iya faɗa wa. Ni mai fenti ne, shekarata goma sha tara ina riƙe da burushi. Ƙanena da muke ciki ɗaya, ni na koya masa aikin, tun daga kankare bango har haɗa kala. Ni nake karɓo aiki, mu yi tare, mu raba.

Wata biyar da suka wuce muka sami fentin wani gidan bene na wani ɗan kasuwa. Yana da ƙaton kare a keji a bayan gida. Kwana na uku da fara aiki, da hantsi, mai gadi ya buɗe kejin zai wanke, bai ɗaure karen ba. Ƙanena yana tsugune yana dama fenti, karen ya yo kansa ya cafke masa hannu. Ni ina kan tsani. Na diro na kwaɗa masa bokiti, ya saki ƙanena ya juyo kaina, ya dasa mini haƙora a sharaɓa sai da ya yagi nama.

Mai gidan ya fito a rikice yana ta ba da haƙuri, ya ce a ɗauko mota a kai mu asibiti. Ni da bakina na ce ba komai, tsautsayi ne. Kuma in faɗa maka gaskiya, ba kirki ne ya sa ba. Kwana ɗaya kafin nan ya ce mini yana da wasu gidaje biyu da ake ginawa, idan aikinmu ya yi masa, namu ne. Su nake hange. Na wanke ciwon da tina, man da muke wanke burushi da shi, yadda muke yi idan wuƙar kankara ta yanke mu, na ɗaure da tsumma na koma kan tsani ina nuna ni namiji ne.

Shi kuwa ƙanena, gogan naka, ya ƙi. Ya fito da waya ya ɗauki hoton hannunsa, da kejin a buɗe, har da ƙafata, ina yi masa tsawa. Ya tafi asibiti aka yi masa ɗinki huɗu da allurai. Ɗinki huɗu fa, Malam! Duk takardar da aka ba shi sai ya ninke ya jefa a leda. Ba a yi sati ba ya je wajen wani lauya da matarsa ta samo masa. Na ce kada ya kunyata ni a idon mutumin, ya ce yaya ka yi haƙuri, hannuna ne. Ranar da takardar lauya ta isa, a ranar aka sallame mu daga aikin duka biyu, gidajen nan biyu kuma aka ba wani.

Ƙafata ta kumbura kamar turmi. A kwana na biyar da cizon, ranga-ranga aka kai ni asibiti, ciwon ya fara ruɓa. Sati uku ina kwance. Yanzu ko rabin awa ba na iya yi a kan tsani sai ƙafar ta ɗauki rawa. Rasit ɗin asibiti kuwa ban san inda suke ba, ina jin yara sun yi wasa da su.

Maganar ƙanena ko kotu ba ta je ba, aka sasanta aka biya shi. Ya sayi injin feshin fenti. Aikin da nake sati a kansa, shi kwana biyu ya gama ya wanke hannu. Mutanen da na yi wa aiki shekara da shekaru yanzu kirana suke yi suna neman lambarsa. Mahaifiyarmu ba ta da zance sai na ɗan autanta mai dabara. Matata kuwa duk lokacin da ya wuce da injin a bayan mota sai ta leƙa taga.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya zo duba ni sau biyu. Ya kawo kuɗi a ambulan, na mayar masa. Ya ce in zo mu ci gaba da aiki tare, ni in riƙa haɗa kala tunda tsani ya gagare ni. Ni zan dama wa wanda na koya wa riƙon burushi fenti? Tun ranar ban ƙara ɗaga wayarsa ba. Akwai kuma abin da ya fi damuna. Wani tsohon kwastomana ya tambaye ni game da aikinsa, na ce fentin inji ba ya ƙarko, damina ɗaya yake ɓarewa. Ƙarya na yi. Mutumin ya fasa ba shi aikin, kuma wallahi a lokacin daɗi na ji.

Ina kishinsa, Malam, na faɗa. Ni na cece shi, ni aka fi yaga, shi ya kwashe. Yanzu ina son lauya, amma ba nasa ba, wanda ya fi nasa nake so, wanda zai karɓo mini abin da ya fi nasa ko da kaɗan ne. Shin "ba komai" ɗin da na ce ta kashe mini haƙƙi? Hotunan suna cikin wayar ƙanena, amma gara in haƙura da in roƙe shi.

Mai fentin da tsani ya gagara

Ɗan'uwa, sannu da jinya. Mu fara da ƙafar. Ba ka ce ko ka kammala alluran cizon kare ba. Ka koma wajen likita a wannan satin, ya tabbatar da wannan, ya duba rawar da ƙafar take yi, ya kuma rubuta maka rahoto. Tina ta burushi ce, kada ka ƙara kai ta kusa da rauni.

Doka ta bambanta daga wuri zuwa wuri, lauya ne zai yanke maka magana. Amma galibi kalmar da mutum ya faɗa yana zubar da jini ba ta share haƙƙinsa, matuƙar bai sa hannu a takarda ba. Rasit sun ɓata, amma asibiti yana ajiye fayil, ka je ka nemi kwafi. Ka zauna ka rubuta ranar da abin ya faru da ayyukan da ka rasa. Kuma ka hanzarta, irin wannan ƙara tana da wa'adi.

Ka nemi lauyan da ya saba da shari'ar rauni. Idan aljihu babu nauyi, ka tambayi ofishin taimakon shari'a kyauta mafi kusa da kai. Ku yi maganar ladansa tun farko, a rubuce. Wanda ya fara yi maka alkawarin maƙudan kuɗi kafin ya ga takarda ɗaya, ka tashi ka ba shi wuri. Sannan ka shirya jin abin da ba ka so: ɗaya ɓangaren zai ce kare ya ciza, amma tina da jinkirin kwana biyar ne suka ruɓar da ƙafar. Mai yiwuwa abin da za ka samu bai kai na ƙanenka ba. Idan don ka fi shi za ka shiga, za ka fito da takaici ko da ka yi nasara.

Haushinka yana da tushe. Ka tare masa kare da jikinka, matakin da ya ɗauka kuma ya jawo maka asarar aiki, ya kamata a ce ya fi haka lallashinka. Amma bai taɓa rabonka ba. Nasa ya nema, kai ka bar naka don gidajen da ba a ba ka ba. Lauyansa da kake gudu ya riga ya san gidan, ya san karen, ya san mai shi ya taɓa biya, da wuya ka sami wanda zai fi shi saurin kama zancen.

Ƙaryar nan kuwa ka gyara ta kafin komai. Ka kira kwastoman ka ce masa ba haka ba ne. Kana neman diyyar abincin da kare ya hana ka, bai dace kai ka zama mai hana ƙanenka nasa ba.

Bayan nan ka tafi gidansa da ƙafarka. Ba ka da shaidar da ta wuce shi, ba ka da hoto sai nasa, kuma duk lauyan da ka je wa, shi zai fara nema. Ka faɗa masa abin da ka faɗa mini, har da batun kwastoman, tun bai ji a bakin wani ba. Diyya ana iya samu, ana iya rasawa, amma ƙane ɗaya gare ka, kuma har yanzu shi ne yake kira kai kake ƙin ɗagawa. Kada ka bari ya gaji.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya maka zuciya, ya daidaita tsakaninku.