Injiniyan Jirgin Wasa

Zuwa ga Mai Girma Yaya Waliyyu, Garkuwan Albasar Gehuru, Dodon Dillalan Aliero.

Gaisuwa da ladabi. Yaya Inna da ƙafarta? Ni lafiya lau, ban da ƙunar yatsu biyu.

Maigidana a nan Jamus ya damƙa mini tsohon kan jirgin ƙasa na wasa, in sa masa ƙwaƙwalwar lantarki, ya riƙa bin umarni daga waya. Na ƙona ta farko. Ya ce in na ƙona ta biyu, in nemi wani aiki. Na ɗaura ɗamara, sai jirgin nan ya tashi.

Buƙatata ɗaya. Inna ta shaida wa gari injiniyan jirgi ne ni. In ta tambayi fasinja nawa yake ɗauka, ka ce ba ka sani ba.

Ƙaninka,
Ridwan