Ƙaiƙayi a kwamfutar Sani

Daren Talata.

Kwamfutar Sani ta kawo wuta, fanka na juyawa, amma gilashin baƙi ƙirin. Shi ke nan sai ni! Wai na goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Ɗan da na haifa, a gaban matarsa yake ce min, "Inna, ki daina taɓa abin da ba ki sani ba."

Mai gyara ya zo daga Kura, ya kwance ta, ya hure cikin. Ƙaiƙayin shinkafa ne fal. Yana mayarwa hoto ya fito.

To wa ya jibge buhunan shanshera, shinkafar da ba a cashe ba, a ɗakin? Sani.

Bai ba ni haƙuri ba, tsire ya aiko. Na cinye. Amma daga gobe ya share ɗakinsa da kansa.