Rautar Yaya da sunan da na goge

Assalamu alaikum Admin, barka da ƙoƙari, ina gaida masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana da na garinmu. Masu karatu kuma ina roƙonku ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci. Duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina har na gaji, yanzu shawara kawai nake nema.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Bici da Watari, ina kuma karatun ƙaro ilimi a ƙarshen mako. Gidanmu babban gida ne, sashena da na yayana katanga ɗaya ce ta raba su. Yaya manomin rani ne, tumatir da albasa, mutum mai barkwanci da son kayan zamani. Shi ya kawo sola gidan har ya ja min wayar wuta, shi ya kawo rauta, 'yar na'urar nan da ake sa wa layi ta raba intanet ga wayoyi. Ya ɗora ta a kan taga inda sabis ya fi kamawa, ya raɗa mata suna "Sai Da Sallama". Dalili kuwa samarin unguwa sun mai da dakalin ƙofar gidanmu majalisa, kowa na son lambar sirri, shi kuma ya ce ba mai samu sai ya shigo ya yi sallama ya gaida Inna, mahaifiyarmu. Ba wayar da ba ta san wannan suna ba a unguwar.

Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya kama Yaya, Allah ya karɓi abinsa. Ya bar mata da yara biyu, zan kira ta Maman Ummi duk da ba haka ake kiranta ba. Ranar sadakar uku aka aike ni ɗakinsa in ɗauko tabarmi, sai na ga rautar a taga, a kashe. Wallahi ban shiga da niyyar komai ba. Na dai tuna yadda nake tsayuwa a gindin rumbu ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, duk don in tura aikin makaranta, sai na ga hannuna ya naɗe ta a cikin tabarma. Na ce wa kaina aro ne, in na gama jarrabawa zan mayar. Shaiɗan ai bai taɓa kiran abu da sunan sata ba, kullum aro yake cewa. Ni da nake koya wa yara cewa dukiyar maraya wuta ce, me ya shiga kaina? Har yau ban samu amsa ba.

Na cire layin Yaya na sa nawa. Ina kunna ta wayata ta nuna min "Sai Da Sallama", na yi maza na zare wayar wutarta. Ban iya canza sunan ba, don haka na yi dabara. Lokacin hutun makaranta ne, sai na riƙa kunna ta da hantsi kaɗai, sa'ad da maza suka tafi gona, dakali ba kowa, matata ma ta tafi gidan kitso ko tana can madafa. Ina ganin kaina mai wayo. Da na shiga Bici na tambayi wani mai gyaran waya, na ce ta hannu na saya, ya ce, "Malam ai da sauƙi. Akwai ɗan rami a bayanta, ka sa tsinke ka danne har fitilun su ɗauke su dawo. Za ta manta komai, kamar ba ta taɓa sanin kowa ba." Na dawo gida na karyi tsinken tsintsiya na danne. Fitilun suka ɗauke suka dawo, sunan Yaya ya tafi, wasu haruffa da lambobi na kamfani suka maye gurbinsa. Na ɓare sitikar ƙwallo da ɗansa ya manna mata, na goge ta tas, na fito da ita fili na ce a Kano na sayo ta hannu. Irinta sun cika kasuwa, ba wanda ya ɗaga kai.

Da a nan ta tsaya, da ni da Allah ne kawai. Sai Kawu, ƙanin mahaifinmu, ya zo da liman don a tattara kayan mamaci kafin rabon gado. An gama da injin ban ruwa da babur da tufafi, sai Inna ta ce, "To ina ɗan akwatin nan da yara ke gaishe ni dominsa?" Aka duba taga, wayam. Wani ya ce ko ita ce ta wajen Malam, wani ya duba wayarsa ya ce a'a, wannan sunanta daban. Sai wata gwaggonmu ta ce ita dai da idonta ta ga ƙanin Maman Ummi ya fita da jaka ranar da ya zo ta'aziyya. Aka tambayi baiwar Allah ta bayan labule, ta ce, "Allah ya sani." Ina zaune a wurin, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kun san abin da na ce? Na ce, "Kawu a bar maganar, abin duniya ne." Liman har da sa min albarka, wai na yi hankalin manya.

Maganar kuma ba ta baru ba. Daga rauta aka koma tiyon ban ruwa da aka rasa tun Yaya na da rai, daga nan aka koma buhunan albasa da ba wanda ya taɓa gani. An bar jaki ana ta dukan taiki. Inna ta daina shiga sashenta, matan gida sun daina aron ludayinta. Yanzu maganar ta kai ga yara. Kawu ya ce macen da ta iya ɓoye kayan marayu ba za a ba ta riƙon marayu ba, in ta gama takaba ta koma gidan iyayenta can wajen Minjibir ita kaɗai, yaran su zauna. Wa aka ce zai riƙe su da dukiyarsu? Ni. Wai ni ne mai ilimi da amana.

Makon jiya na kai mata gero, na ajiye a bakin ƙofa zan juya sai ta ce, "Malam, ɗan tsaya." Da can ni da ita ba ma haɗuwa sai da tsokana irin ta ƙanin miji da matar wa, amma ranar muryarta ba wasa a ciki, ba kuma faɗa. Ta ce, "Farkon takaba, da hantsi, sai in ji saƙonni suna shigowa wayata alhali ba ni da data. In duba in ga sunan nan da ya sa. Ranar farko na zaci na zare ne. Daga baya na gane ta bayan katanga yake zuwa." Duk lissafin da na yi na masu fita gona da masu zaman dakali, na manta akwai mutum ɗaya da ba ta taka ko zaure, mai takaba. Ta ce, "Ban yi magana ba don nakan jingina da katangar in yi ta kallonsa, kamar yana gida. Rannan na jira har azahar bai zo ba." Na ce, "Maman Ummi, me ya hana ki faɗa ranar da aka ɗora miki?" Ta ce, "In ce wa Inna me? Ta binne ɗaya, in ce mata ɗayan ɓarawo ne?" Na durƙusa na fara ba ta haƙuri, na ce zan kawo mata ita yanzu. Ta ce, "Ka kawo min a ce ga shi ta fito da abin da ta ɓoye? Riƙe abarka. Sunanta kawai za ka mayar mata."

Tun ranar ba ni da sukuni. Na iya canza sunan yanzu, lambar sirrin ma na san ta, sunan Ummi ne da shekarar haihuwarta. Amma ina mayarwa duk wayar da ke unguwar za ta kama da kanta, samarin dakali za su shigo suna tambayar daga ina, kuma amsar tana kan tagata. Ban sani ba ko kewar mijinta ce ta sa ta roƙi haka, ko so take gaskiya ta fito ba ta bakinta ba. Ko wanne ne tana da haƙƙi. Na ɗauki rautar zan jefa a rijiya na fasa, don jefawar ba za ta wanke ta ba. Na je ƙofar Kawu na yi sallama, muka gaisa, na tambaye shi yadda gyaɗa ta yi bana na dawo. Inna tana da hawan jini, kullum cewa take ni kaɗai na rage mata. In na faɗa, da wane ido zan tsaya gaban ɗalibaina? In na yi shiru, da wane ido zan kalli Ummi da ƙaninta ranar da motar uwarsu za ta tashi?

Na gaji, wallahi na gaji. Rautar tana nan a kashe, ko ganinta ba na son yi. Takaba ta kusa ƙarewa, Kawu ya ce Juma'a mai zuwa bayan masallaci za a zauna a yanke maganar yaran. Yaya bai taɓa barin kowa ya amfana da abin nan ba sai da sallama, ni kuma na shiga ɗakinsa ba sallama na ɗauke, aka bar matarsa da sunan ɓarauniya. Ku taimaka min don Allah. Me zan yi?