Jan Bironka Ya Yi Rana

Baban Ladi,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, amma wa zan fara faɗa wa in ba kai ba?

An yarda Ladi ta rubuta jarrabawar shiga sakandare. Yau na ci tuwo har da ƙari.

Tun rasuwarka nake cikin fargaba. Shekara uku kana koyar da ita a tsakar gida, saboda ƙafarta ta shan-inna ba ta iya shiga kwalekwale zuwa makaranta in ruwa ya cika fadama. Maƙwabta suka yi ta ce mini doka ta hana karatu a gida, wai har kama iyaye ake yi. Kullum na ji ƙarar babur sai in tura ta ɗaki. Ka ga wautar matarka?

Da na gaji da ɓuya, sai na ɗauke ta muka tafi ofishin ilimi a Haɗeja. Ashe ba kamu ba ne. Abu biyu suke nema: sunanta a rajistar wata firamare, da shaidar aikin da ta yi daga aji huɗu zuwa shida. Hedimastan ƙauyenmu ya buɗe rajista, sai ga sunanta. Yaushe ka sa aka rubuta, ba ka gaya mini ba?

Shaidar kuma littattafan nan ne da ka rataye a rufin ɗaki saboda ambaliya, kowane shafi da kwanan wata da makinka na jan biro. Ni ce nake maka tsiya, wai hedimasta mai ɗaliba ɗaya.

Ga laifina. Na aji huɗu ba su cika ba, don da damina na yage biyu na hura wuta da su, ban taɓa faɗa maka ba. Da na kai su ofishin, na faɗa wa jami'in gaskiya, kunya kamar in nutse. Ya yi dariya, ya ba Ladi lissafin aji huɗu a gabana. Ta gama kafin in gyara ɗankwalina.

Ka yafe mini littattafan biyu. Kewarka tana nan, amma yau zuciyata ta yi sanyi.

A fom ɗin akwai gurbin sunan malamin da ya koyar da ita. Naka na rubuta.

Ka huta lafiya wurin Ubangiji, sai mun zo.

Matarka,
Saratu