Zambon Famfon Unguwarmu

Laraba da dare, Gashuwa

Yaya Modu ya zo takanas daga Nguru don ya ja mini kunne a kan waƙar zambon da na yi wa kansilanmu. Ya ce, "Falmata, ke malamar makaranta ce. Magana ɗaya zai yi a jefa ki wani ƙauye."

Na ba shi labarin darasina na wannan makon, mawaƙan Rum ta dā da suka yi wa manyansu zambo, har maganganunsu suka zama karin magana a bakin Turawa. Ya ce su ba a taɓa su ba? Dole na faɗi gaskiya, wasunsu sai mutum ya mutu suke kama sunansa. Ya ce, "To kin gani. Ki jira."

Tsoro kam ina ji, ko tuwo ban iya ci ba. Amma tun damina famfonmu ya lalace, yara har kogi suke zuwa ɗiban ruwa. Ɗazu na ji 'yan garuwa suna rera baitina na farko.

Gobe zan ƙara baiti. In na jira ya mutu, wa zai gyara famfon?