Na Janye Sa Hannuna

Zuwa ga Yaya Horia,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Ilinca da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali. Mu ma lafiya, sai tarin Baba da ya dawo tun shigowar sanyi. Mama ta jiƙa kabeji a ruwan gishiri ganga biyu, ta ce ɗaya taka ce.

Ka tambaye ni aiki. Har yanzu muna haƙar tsoffin kaburbura don binciken tarihi, inda sabuwar hanya za ta bi kusa da Sibiu. Kamfanin yana biyanmu da yini, lei ɗari da ashirin, ranar ruwa kuwa ko sisi babu. Da digirina biyu, albashin direban motar haƙa ya ninka nawa sau uku. Yakan zolaye ni wai matattun da nake sharewa da burushi sun fi ni hutawa.

Watan jiya dattijon wurin aikinmu, Kawu Pamfil, wanda ya shekara ashirin da shida durƙushe a rami, ya rubuta takarda muna neman a tsayar da mafi ƙarancin albashi gwargwadon ƙwarewa, a riƙa biyan ranakun ruwa. Mu goma sha huɗu muka sa hannu. Manaja ya karanta yana murmushi, ya ce ai da arha suka ci kwangilar, ga kuma ɗalibai jibge masu son yi kyauta. Ran Juma'a aka sallami Pamfil, mutumin da gwiwoyinsa suka lalace har sai an kama shi yake fita daga rami.

Yaya, ga abin da ke cin raina. Ran Litinin aka kira mu ɗaya-ɗaya, aka ce mu janye sa hannunmu, kuma na janye. Pamfil ya buga mini waya, ya ce 'yata kada ki damu, ke ma sai kin ci abinci. Da ma zagina ya yi.

Aikin zai ƙare ƙarshen Nuwamba. Don Allah ka tambayi mai gonarku a Almeriya ko akwai gurbi wajen tsinkar tumatir. Kada Baba ya ji. Har yanzu yana gaya wa mutane a coci cewa 'yarsa malamar tarihi ce.

Ka gaida Ilinca, da Tudor, da auta Smaranda. Goggo Floarea na gaishe ku.

Ƙanwarka,
Sorana